Kafaɗar Auta

Magana ɗaya Baba ya yi a kan Dogo, bai ƙara ba.

"Ba na ba da 'yata ga mai ɗaukar kayan mutane."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi sito. Kawun Dogo, wanda ya zo neman izini, ya zauna a falo shi kaɗai kamar an dasa shi, sai da Mama ta leƙo ta ba shi haƙuri.

Wanda bai san Baba ba zai ce girman kan mai kuɗi ne. Ba haka ba ne. Baba da kansa ɗan dako ne tun asali. Buhu ya ɗauka a tasha tun gemu bai fito masa ba, har Allah ya ba shi sito nasa, da sikeli, da masu sauke masa kaya. Amma dako bai sake shi kyauta ba. Kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, har tela sai ya rage masa hannun riga gefe ɗaya. Ranar da ya ajiye gammo ya rantse: ba ɗansa da zai ƙara ɗaukar kaya, ba kuma jikansa.

Dogo kuwa saƙo yake kaiwa a babur. Kwali, ƙunshi, magani, duk abin da aka ɗaura masa. A wurin Baba wannan dako ne, an dai sa masa taya.

Auta ita ce ƙaramar 'yar gidan. Ba yarinya ba ce, ta gama karatu da daɗewa, aikinta gwajin ido. Aikin yawo ne. Yau makaranta, gobe masaƙa, jibi ƙauyen da mota ke ajiye mutum a bakin hanya ya ƙarasa da ƙafa. Akwatin gilasan gwaji a hannun hagu, jakar kwamfuta a kafaɗar dama. A asibitin ido ta san Dogo, shi ke kawo musu tabarau daga wurin masu yankan gilashi.

Ta gaya wa Dogo ba ta aure sai da yardar Baba. Ta gaya wa Baba ba ta auren wani sai Dogo. Tsakanin maganganun nan biyu take kwana take tashi.

Ana cikin haka sai ga Manaja, ɗan aminin Baba. Mota gare shi, ofis gare shi, ladabi gare shi. Iyayensa sun ce ƙarshen mako za su zo jin amsa.

"Ba na yi miki dole," in ji Baba. "Amma ki san na ba ubansa fuska."

A makon ne kuma kwamfutarta ta mutu.

Ita wannan kwamfuta Baba ne ya saya mata ranar da ta gama karatu. Bai tambayi kowa ba. Ya shiga shago ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wadda ta fi ja masa hannu. Haka yake sayen kwaɗo, haka yake sayen tukunya, haka yake sayen dutsen guga. Abu mai nauyi shi ne na gaske, marar nauyi kuwa an cuce ka. Auta ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta rataya. Shekaru tana rataye da ita.

Yanzu ta ƙi tashi. Mai gyara ya buɗe cikinta ya rufe, ya ce a yi mata addu'a. Ga kuma tafiya a gaba, ta kwanaki, zagayen makarantun ƙauye.

Mama ce ta faɗa wa uwar Manaja labarin kwamfutar a waya, ba da wata manufa ba. Washegari da yamma mota ta tsaya a ƙofar gida.

*

Manaja ya shigo da kwali a ƙirji, yana nishi yana murmushi. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya ajiye kwalin a kan teburin falo. Teburin ya yi ƙara.

"Likita, na ji an yi miki rasuwa. Ga ta'aziyya."

"Yaya, har da ɗawainiya?"

"Buɗe mana."

Ta buɗe. Baƙa ce, faffaɗa, fuskarta kamar ƙaramin talabijin. Da ya danna ta, sai fitilu suka kama ƙarƙashin madannai, ja da kore da shuɗi, fanka ta soma huci a cikinta. Cajarta kaɗai ta kai bulo.

Baba ya miƙo hannu. "Kawo."

Ya ɗora ta a tafinsa, ya ɗaga, ya sauke, ya sake ɗagawa. Fuskarsa ta saki.

"Wannan kaya ne. An sa ƙarfe a ciki. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Baba. Babu wadda ta fi ta ƙarfi a shagon."

Auta ta shafa gefen kwamfutar. Ta yi magana a hankali.

"Yaya, batirinta yana kai yini?"

"Yini? A'a. Irin waɗannan suna son wuta kusa. Amma ai ga soket ko'ina."

"Inda nake zuwa babu soket."

Manaja ya yi dariya, ba ta mugunta ba. Dariyar wanda ya riga ya gama lissafinsa.

"To ina za ki kai ta, Likita? Na sa an yi mata teburi a gidan can, kusa da taga. Da kujera mai juyawa. Wannan tafiyar dai ki lallaɓa, ita ce ta ƙarshe. Bayan nan duk mai ciwon ido ya zo ya same ki. In ma bai zo ba, me kika rasa?"

"Ka ji magana," in ji Baba.

Auta ta dubi fitilun nan suna canza launi. Ta rufe murfin.

"Na gode, Yaya. Allah ya ƙara buɗi."

Ta ɗauki kwalin za ta shiga da shi ciki. A bakin ƙofa kafaɗarta ta amsa, wani zafi ya sauka har yatsu. Ta cije leɓe ta wuce. Ba wanda ya lura.

*

Mama ta same ta zaune bakin gado, kwalin a ƙasa, tana matsa wuyanta da hannu.

"Juya."

"Ba komai, Mama."

"Na ce juya."

Ta zame mata wuyan riga. Inda maratayin jaka ke zama fata ta yi baƙi, ta yi kauri. Mama ta ɗauko man zafi ta soma murzawa. Sai hawayen Auta suka fara sauka a cinyarta.

"Kukan zafi ne ko kukan Dogo?"

"Duka."

"To ki rage ɗaya. Yaron nan Manaja me ya yi miki? Ba ya sha, ba ya yawo, yana ganin girman ubanki. Mata nawa ke neman inda za su zauna su huta?"

"Bai yi mini komai ba. Kirki gare shi. Amma Mama, kin ji shi. Bai tambaye ni wace iri nake so ba, bai tambayi ina nake zuwa ba. Teburi ya fara saya."

"To laifi ne miji ya so matarsa a gida?"

"A wata makaranta na sami yarinya, malamai sun ce daƙiƙiya ce, an mai da ita kujerar baya. Allo ne ba ta gani. Na sa mata gilashi, ta dubi itace ta ce, ashe ganye ɗai-ɗai ne? Wannan ba za ta zo ta same ni kusa da taga ba, Mama. Ba ta ma san tana da ciwo ba."

Mama ta ci gaba da murzawa.

"Shi kuma naki, da babur za ku ci?"

"Da shi yake ci da uwarsa da ƙannensa, bai taɓa roƙon kowa ba. Baba ma da me ya fara?"

"Kul. Kada ki faɗi wannan a gabansa. Abin da ya fara da shi ne ba ya son gani a ƙofarsa."

"To in yi yaya? In ce a'a ran Asabar, Baba ya ji kunya gaban amininsa. In ce e, na kashe kaina da rai. Ki gaya mini, Mama, in yi yaya?"

Ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kuka sosai. Mama ta bar ta har ta gaji. Sannan ta ja mata riga ta rufe kafaɗar.

"Bari in nuna masa wannan."

"A'a! Shi ya saya mini waccan. In ya ji ita ta yi mini haka, zai ce na raina kyautarsa. Ki rufa mini asiri."

Mama ta rufe kwalbar man.

"Na zauna da ubanki tun ba ya da takalmi. Ba ya jin magana da kunne. Da hannu yake ji."

Ta fita ta bar ta da wannan.

*

Da safe Auta ta tafi layin masu sayar da kwamfuta da jakarta da akwatin gilasai. Dogo na jiran ta a ƙofar wani shago, hular kwano a hannu.

"Mai Tabarau, an ce an kawo miki talabijin."

"Wa ya gaya maka?"

"Ni ne fa mai kai saƙo. Labari ma ta bayana yake hawa."

"To rufe baki ka riƙe jaka."

Suka shiga. Shagon ƙarami ne, kwamfutoci jere a kan katako, fanka na juyawa a sama. Mai shago ya taso yana goge hannu.

"Hajiya, ta ofis ko ta gida?"

"Ta hanya. Wadda zan rataya yini guda in manta da ita."

Kafin mai shago ya amsa, Dogo ya riga ya ɗauko wata 'yar mitsitsiya daga ƙarshen katako, yana jujjuya ta da yatsu biyu.

"An gama. Ga ta. Wannan ko a aljihu."

Auta ta buɗe ta, ta ɗora yatsu. Ta danna harafi ɗaya, biyu suka fito.

"Ka gani? Sunan mutum ɗari zan rubuta da wannan?"

"Yatsunki ne manya."

"Naka kuma fa? Ga shi a fuskarta nake nuna wa tsofaffi haruffa daga nesa. A wannan, mai lafiyar ido ma sai in rubuta masa tabarau."

Mai shago ya yi dariya. "Malam, ka tsaya a babur."

"Na tsaya," in ji Dogo, ya mai da ita.

Mai shago ya ɗauko wata, siririya kamar faranti, fara tas. Auta ta juya gefenta ta duba, ta juya ɗaya gefen.

"Ina ramin da zan soka na'urar ɗaukar hoton ido?"

"Sai ki sayi wani ɗan abu ki haɗa."

"In manta shi a ƙauye, aiki ya tsaya. A'a."

Ta ukun ta yi kyau, amma da Auta ta fita da ita bakin ƙofa cikin rana, fuskar ta dushe, sai inuwar kanta take gani. Ita kuwa rabin aikinta a barandar makaranta ne ko gindin itace. Ta mayar.

Ta huɗun ba ta da kwalliya. Ruwan toka ce, faɗinta kamar littafin ɗalibi babba. Ramuka biyu a gefe. Madannai suka karɓi yatsunta daidai. Ta fita da ita rana, rubutu ya fito sarai. Ta sa mai shago ya buɗe mata hotuna masu nauyi da yawa a lokaci guda, ba ta yi gardama ba, ba ta yi huci ba.

"Batir fa? Gaskiya nake so, ba ta kwali ba."

"Kwali ya ce fiye da yini. Ni na ce daga safe zuwa la'asar, in ba ki cika haske ba."

"Ya ishe ni. Caja?"

Ya nuna mata. 'Yar ƙarama, bakinta irin na wayarta.

"Kenan caja ɗaya zan ɗauka."

"Saura gwaji ɗaya," in ji Dogo. Ya buɗe jakar ya zura kwamfutar, ya gyara maratayin, ya rataya mata. Ya miƙa mata akwatin gilasai. "Je ki ƙarshen layi ki dawo."

Ta tafi ta dawo. A hanya sai da ta taɓa jakar ta tabbatar da abin yana ciki.

Ta biya da albashinta. Dogo bai sa hannu a aljihu ba, ita ma ba ta so ya sa ba.

A waje, ƙarƙashin rumfar shagon, ya tsaya yana murza igiyar hular kwano. Wasan ya bar fuskarsa.

"Auta."

In ya kira sunan nan, ta san ba daɗi.

"Na yi tunani. Ran Asabar ki ce musu e."

"Me ka ce?"

"Ubanki ne. Ya sha wuya a kanku. Ni ban da abin da zan ajiye a gabansa sai babur. Kullum ina ganin ki kina ramewa tsakanina da shi. Gara in janye."

"Ka gaji ne?"

"Ban gaji ba."

"To ka tambaye ni na gaji? Kai ma ka sayo mini teburi kenan. Kowa ya zauna ya yanke abin da ya fi mini, ni kuma in karɓa da hannu biyu in ce na gode."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Ka ga na ɗauki ta farkon da aka miƙo mini a shagon nan? Na duba, na juya, na fita rana da ita. Kai ma haka na yi maka. Na zaɓa. In kai ne ba ka so, ka faɗa da bakinka, kada ka laɓe bayan Baba."

Dogo ya dubi ƙasa. Idonsa ya yi ja.

"Ina so. Allah ya sani."

"To sa hularka ka tafi aiki."

*

Ba ta ɓoye ba. A falo ta same Baba, ta durƙusa ta ajiye kwamfutar a gabansa.

"Baba, na sayi ta tafiya."

Ya ɗauka. Hannunsa ya yi sama fiye da yadda ya shirya. Ya ƙwanƙwasa murfin da farce.

"Wannan fanko ne. An cuce ki. Ina ta yaron nan?"

"Tana ɗaki."

"Kyautar mutum ba a tura ta ƙarƙashin gado. Wa ya raka ki shagon?"

Mama daga ƙofar kicin tana yi mata ido. Auta ba ta duba ba.

"Dogo."

Baba bai ɗaga murya ba. Bai taɓa buƙata ba. Ya tashi ya buɗe kabad ɗinsa, ya sa kwamfutar a ciki, ya murɗa makulli, ya miƙa wa Mama.

"Kada ki buɗe sai na ce. Ke kuma gobe da ta Manaja za ki tafi. Kuma ni zan kai ki tasha da ƙafata, in ga mai babur ɗin da zai tsaya."

*

Gari na wayewa suka fito. Tashar ba nisa, amma sai an hau gadar ƙafa an tsallake babban titi. Baba a gaba, hannu a baya. Auta a baya, akwati a hagu, jaka a dama. Kwamfutar Manaja ba ta shiga jakar duka ba, zik ɗin a buɗe, kusurwarta a waje. Bulon caja a kanta.

Ba ta yi ƙorafi ba. Ta hau matakala tana jan numfashi. A tsakiya ta tsaya ta ajiye akwati, ta ɗaga maratayin da babban yatsa don fata ta sha iska.

Baba ya juyo.

"Mota ba ta jira."

"Ina zuwa, Baba."

Ta sake ɗauka. Bayan 'yan matakai ƙafarta ta goce, ta dafa ƙarfen gada.

"Yaran yanzu," in ji shi. "Kawo. Ɗan wannan abu."

"A'a Baba, mutane na gani."

"Na ɗauki abin da ya fi ki nauyi ke da jakar. Kawo."

Ya fizga ya rataya a kafaɗarsa ta dama, inda ya saba. Ya hau mataki ɗaya, biyu, uku. Sai ya tsaya.

Ɗan dako ba ya tambayar sikeli. Kafaɗa ke gaya masa. Ta kuma gaya masa bambancin kayan da ake ɗagawa a falo a ajiye da kayan da ake tafiya da shi.

Bai juyo ba ya ce, "Daga bakin hanya zuwa ƙauyukan nan, akwai nisa?"

"Wani wuri kamar daga gida zuwa sito. Wani ya fi."

"Waccan da ta mutu, haka take?"

Auta ta kau da kai.

"Tambayar ki nake."

"Kusan haka."

Ya sauke jakar a kan matakala. Ya sauko inda take. "Tsaya sosai. Saki hannunki."

Ya ɗora tafinsa ɗaya a kafaɗarta ta hagu, ɗaya a ta dama, kamar mai gwada ko teburi ya daidaita. Hannun da ke kafaɗarta ta dama ya fi sauka. Ya matsa da yatsa ta saman mayafi, ya ji kaurin. Ta ɗan zabura.

Mutane suna ratsa su suna wucewa. Baba bai ga kowa ba. Ya daɗe a haka.

Ya koma ya zauna a matakala kusa da jakar, abin da ba ta taɓa ganin ya yi a titi ba. Ya jawo maratayin yana dubawa. A ƙarƙashinsa, daidai inda ke hawa kafaɗa, an naɗe tsumma an ɗinke da zaren buhu. Gefen wuya ya fi kauri, gefen hannu ya fi siriri. Ɗinkin ba kyau, amma bai motsa ba.

Ya bi shi da yatsa tun daga farko har ƙarshe.

"Wannan ba aikin tela ba ne. Wa ya yi?"

"Dogo."

"Ke kika gaya masa?"

"Ban gaya wa kowa ba. Tafiyata ya gani. Tun bai san sunana ba ya ce in ba shi jakar, washegari ya dawo da ita haka."

Baba ya juya tsumman. Ya yi ƙwafa.

"Ya sa kaurin a inda ya kamata."

Ya zaro kwamfutar Manaja daga jakar, ya zaro cajar, ya ɗora su a cinyarsa.

"Kira shi."

"Baba?"

"Kunnenki ma ya sauka? Ki ce ya biya gida. Ki gaya wa uwarki na ce ta buɗe kabad. Ya kawo fankon nan kafin mota ta cika."

Ta danna wayar.

A ƙofar tasha Dogo ya same su. Ya kashe babur tun daga nesa ya turo shi da hannu. Ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa. Baba bai amsa gaisuwar da kyau ba. Ya karɓi ƙaramar kwamfutar ya sa a jakar da kansa, ya ja zik ya rufe, ya ɗaga ya ji. Sannan ya rataya wa Auta a kafaɗar hagu.

"Ki riƙa sauyawa."

Ya juya ga Dogo, ya nuna baƙar kwamfutar.

"Kai mai kai saƙo ne?"

"E, ranka ya daɗe."

"Ka san ofishin Manaja?"

"Na sani."

"Ka kai masa. Hannu da hannu. Ka ce in ji ni, an gode, ta fi ƙarfinmu. Sauran magana ni da ubansa ne, ba ruwanka."

Dogo ya cire rigarsa ta sama ya naɗe kwamfutar, ya kwantar da ita a bayan babur, ya sa cajar gefe don kada ta danne murfin. Ya ja roba ya gicciya, ya sake gicciyawa. Baba na tsaye yana kallon hannunsa. Da ya gama, tsohon ya matso ya sa yatsa ƙarƙashin robar ya ja. Ba ta ba da wuri ba.

Bai yaba ba. Bai kuma gyara ba.

"In ka sauke, ka same ni a sito. Ba bakin ƙofa ba. Ka shigo ciki."

"To, Baba."

"Ban ce na ba ka ba."

"Na ji, Baba."

"Ban kuma ce ka kira ni Baba ba."

Kwandasta ya buga jikin mota yana kiran saura mutum ɗaya. Auta ta shiga ta zauna bakin taga, jakar a cinyarta, hawaye na zuba, ba ta san na mene ne ba. Ta ga Dogo ya tayar da babur. Ta ga ya sunkuyo ya ce wani abu, ta karanta a bakinsa: sai na zo, Baba.

Tsohon ya ji. Wannan karon bai hana ba.

Ya juya ya nufi gada, hannu a baya, kafaɗa ɗaya ƙasa da ɗaya. Bai waiwayo ba.